Kayan ƙafar mota: na kamfani, na kasuwa, ko ɗan Beljiyam?

Abin da kanikawa ke kira ƙafar mota tarin sassa ne da ke tsakanin taya da gangar jikin mota. Sifirin ne ke ɗauke da nauyi, shakazoba kuma ita ke hana sifirin ci gaba da tsalle bayan taya ta faɗa rami. Akwai hannun ƙarfe da ke riƙe da taya, da bushin na roba da ke shanye girgiza a mahaɗarsa, sai boljoyin da tayarod waɗanda ke ba taya damar juyawa idan an murza sitiyari. A yawancin ƙananan motoci irin su Corolla da Camry, sifirin da shakazobar gaba a haɗe suke wuri guda, bisa tsarin da injiniyan Amurka Earle MacPherson ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1940.

Idan ɗaya daga cikinsu ya lalace, mai mota a Najeriya yana da zaɓi uku: sabo mai tambarin kamfanin motar, ko sabo daga wani kamfani na daban, ko kuma wanda aka ciro daga tsohuwar mota a ƙetare, wato ɗan Beljiyam. Duka ukun ana samun su a kasuwar Ladipo da ke Legas, da Nkwo a Nnewi, da Apo a Abuja, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano. Tun bayan da aka bar kasuwa ta riƙa yanke darajar naira a watan Yunin 2023, farashin duk wani abu da ake shigowa da shi ya tashi, kuma masu motoci da dama sun koma neman mafi araha.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kamfanonin mota ba su cika ƙera waɗannan sassa da kansu ba. Kamfanin KYB na Japan yana yi wa Toyota da wasu kamfanoni shakazoba, haka ma Sachs da Bilstein na Jamus ke yi wa motocin Turai, yayin da Lemförder ke ƙera hannuwa da boljoyin. Kamfanin mota ne ke ba da ma'auni, a ƙera, a saka cikin kwalinsa. Waɗannan masana'antu kuma suna sayar da kaya da sunansu, a farashin da bai kai na dila ba. A da, Peugeot na cikin 'yan kaɗan da suka daɗe suna ƙera shakazobarsu da kansu, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa tsofaffin direbobi har gobe suke yabon ƙafar 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975.

Fifikon na kamfani shi ne an auna shi da nauyin wannan mota da taurin sifirinta, saboda haka yana shiga ba tare da duka ko gugar ƙarfe ba, motar kuma ta koma tafiya yadda aka ƙera ta. Illarsa tsada, da kuma jinkiri idan sai an yi odarsa. Sannan kwali mai tambari ba hujja ba ne, domin masu jabu sun fi kwaikwayon abin da ya fi tsada. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, tana da tsarin SONCAP na tantance kaya kafin su shigo, amma wanda ya san kasuwannin nan ya san jabu bai ƙare ba.

Kayan kasuwa kuwa ba aji ɗaya ba ne, kuma a nan ne ake yawan ruɗewa. A sama akwai sanannun sunaye irin su KYB da Monroe da Sachs, da boljoyin mai lamba 555 na kamfanin Sankei na Japan. A ƙasa akwai marasa suna, waɗanda ɗan kasuwa zai ce maka wannan na ɗaya ne, wancan na biyu. Bambancin yana ɓoye inda ido ba ya gani: ingancin robar da ke tare mai, da sumul ɗin sandar da ke shiga tana fita, da irin ƙarfen da aka yi ƙwallon boljoyin da shi. Ko a cikin masu kyau, shakazobar kasuwa takan ɗan fi ta kamfani tauri, saboda akan ƙera guda ɗaya ta dace da nau'o'in mota da dama, wani lokaci kuma da gangan ake yi don ta cike gibin sauran sassan da suka tsufa. Wanda ya saba da laushin motarsa zai ji bambanci a satin farko.

Akwai inda na kasuwa ya fi na kamfani dacewa. Hilux ko Land Cruiser da ke ɗaukar kaya kullum a hanyoyin karkara za ta amfana da sifirin mai ƙarfi da shakazoba mai bututu ɗaya, wadda ta fi saurin fitar da zafi, irin waɗanda Old Man Emu na Ostireliya ko Bilstein ke yi. Amma wannan dabam yake da al'adar cusa roba ko ƙarfe a kan sifirin don a ɗaga ƙaramar mota saboda ramuka. Ɗagawar tana sauya kusurwar shaf da boljoyin, su riƙa ci da wuri, motar kuma ta rage kama ƙasa a kwana.

Ɗan Beljiyam ya samu karɓuwa ne bisa hujjar cewa gara tsohon asali da sabon jabu. Hujjar tana da ƙarfi a kan sassan da ƙarfe ne zalla, kamar hannun taya ko sifirin da bai yi tsatsa ba. A kan shakazoba kuwa caca ce. Abu ne mai ƙarewa a hankali, har kamfanin Monroe yana ba da shawarar a sauya ta bayan kimanin kilomita 80,000, kuma babu mai iya gaya maka tafiyar da wadda ke rataye a shago ta yi. Danna ta da hannu a ga ta dawo yana nuna akwai sauran iskar gas ne kawai, ba ya nuna yadda za ta riƙe mota a gudun kilomita 100.

Ba duka sassan ne haɗarinsu ɗaya ba. Bushin da ya mutu ƙara zai yi, ya cinye taya. Shakazobar da ta gaji tana sa taya tsalle a kan gargada, birki ya ƙara nisan tsayawa. Boljoyin ko tayarod kuwa idan ya fita, taya ce ke kwanciya, sitiyari ya daina aiki nan take. Shi ne abin da ake gani idan mota ta durƙusa a tsakiyar titi tayar gaba ta karkace. A kan waɗannan biyun bai kamata a nemi araha ba, kuma na hannu bai dace da su ba ko kaɗan.

Sauran ya rage ga sayen da kuma ɗaurin. A nemi lambar kayan ta hanyar lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, domin Camry ta Amurka da ta Dubai ba lallai ƙafarsu ta zama ɗaya ba ko da shekararsu ɗaya. A sauya shakazoba biyu-biyu, hagu da dama, kada a haɗa sabuwa da tsohuwa. A karɓi rasidi mai ɗauke da sunan kayan. Kusoshin bushin kuma ana ƙarasa ɗaure su ne bayan an sauke mota ta tsaya da nauyinta; idan aka ɗaure tana rataye a kan jak, robar za ta zauna a murɗe ta yage cikin 'yan watanni, ko da ta kamfani ce. Bayan duk aikin da ya taɓa tayarod ko hannun taya, sai an kai motar an daidaita tayoyinta a na'ura kafin a hau babbar hanya.