Babi Na Uku: Gidajen Sarautar Kano, Gado Da Mallakar Ƙasa

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan kafuwar masana'antun Bompai da Sharaɗa da Calawa, da yadda suka yi ta matsowa har suka iso gonakin ƙauyuka irin su Zawaciki da ke ƙaramar hukumar Kumbotso. A wannan babi kuwa za a waiwayi gidajen sarautar da suka riƙe ƙasar Kano tun daga jihadi, domin a ga yadda suke gadon rawani, da irin ayyukan da 'ya'yansu suka riƙa, da kuma matsayinsu game da ƙasar da aka gina masana'antun a kanta. Tun da yake Turawan Ingila ne suka sauya wa waɗannan gidaje fasali, za a fara da taƙaitaccen bayani a kan tsarin masu sarautar gado na ƙasarsu, saboda a sami abin kwatantawa.

3.1 Tsarin Gado a Ingila

Masu sarautar gado na Ingila, waɗanda ake kira Lod, darajarsu hawa biyar ce, mafi girma ita ce Duk, mafi ƙanƙanta kuma Baron. A ƙarƙashinsu akwai manyan masu ƙasa na karkara, waɗanda ba su da kujera a majalisar masu sarauta, amma suna da gonaki da dazuzzuka da manoma 'yan haya. Ƙa'idarsu ita ce babban ɗa namiji shi ke gadon sarauta da gida da ƙasa gaba ɗaya. Wannan ya sa ƙasa ta taru a hannun 'yan tsiraru, domin ƙidayar da aka yi a 1873 ta nuna mutane kimanin 7,000 ne suka mallaki kashi huɗu cikin biyar na ƙasar. Sauran 'ya'ya kuwa sai su fita neman na kansu a aikin soja ko na coci ko na mulkin mallaka. George Goldie, wanda ya kafa Kamfanin Neja, ƙaramin ɗa ne a irin waɗannan gidaje.

Wani abin lura kuma shi ne, idan ɗa namiji ya yanke a gida, sarautar takan mutu. Gwamna Lugga, wanda sojojinsa suka ci Kano a 1903, an ba shi sarautar Baron a 1928, amma da ya mutu a 1945 bai bar ɗa ba, sai sarautar ta bi shi. Haka nan William Lever, mai sana'ar sabulu wanda kamfaninsa ya sayi Kamfanin Neja a 1920 ya gaji cinikinsa na gyaɗa a Kano, ya sami sarautar Leverhulme, wadda ta ƙare a kan jikansa a shekarar 2000 saboda 'ya'ya mata kaɗai ya bari.

3.2 Gidajen Sarautar Kano

Bayan da jama'ar Shehu suka kawar da Sarki Alwali a 1807, an naɗa Malam Sulaimanu, wanda ya riƙe Kano har 1819. Daga nan sarauta ta koma hannun Ibrahim Dabo na Sulluɓawa, kuma tun daga ranar ba ta bar gidansa ba. Sauran zuriyoyin da suka jagoranci jihadi su ma kowace ta sami rawanin da ya zama nata. Yolawa suka riƙe sarautar Madaki, Joɓawa, zuriyar Malam Bakatsine, suka riƙe Makama, Dambazawa, zuriyar Malam Dabon Dambazau, suka riƙe Sarkin Bai, sannan zuriyar Malam Jamo, yayan Ibrahim Dabo, suka riƙe Sarkin Dawaki Mai Tuta. Waɗannan huɗu su ne masu zaɓen sarki. Akwai kuma gidajen malamai, irin su Gyanawa, waɗanda suka shahara da alƙalanci.

Bambanci na farko tsakanin wannan tsari da na Ingila shi ne, a Kano rawani na gida ne baki ɗaya, kuma duk wanda mahaifinsa ko kakansa ya taɓa riƙe shi yana da damar nema. 'Ya'yan Dabo uku sun yi sarauta ɗaya bayan ɗaya: Usman daga 1846, Abdullahi Maje Karofi daga 1855, sannan Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893. Haka kuma 'ya'yan Maje Karofi uku, wato Alu da Abbas da Usman, su ne suka riƙe Kano daga 1894 zuwa 1926. A 1963 ma, Muhammadu Inuwa ya gaji ɗan wansa, Sarki Muhammadu Sanusi. Amfanin wannan tsari shi ne da wuya gida ya yanke, kamar yadda na Lugga ya yanke. Illarsa kuwa ita ce yawan manema. Basasar da aka yi daga 1893 zuwa 1895, wadda Adamu Fika ya yi nazarinta a littafinsa na 1978, ta taso ne saboda Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello, su kuwa 'ya'yan Maje Karofi, waɗanda ake kira Yusufawa, suka ƙi yarda, suka fice zuwa Takai suka ja daga.

3.3 Rawani da Ƙasa

Bambanci na biyu, wanda ya fi shafar wannan bincike, ya danganci ƙasa. Kafin zuwan Turawa, hakimai a birni suke zaune, garuruwan da ke ƙarƙashin kowannensu kuma a warwatse suke, jakadu ne ke zuwa su karɓo kuɗin ƙasa da zakka. Kowace sarauta tana da gandunta da bayi ke nomawa, shi kansa sarki yana da gandaye a wurare irin su Fanisau da Ɗorayi. Amma gandun sarauta yana bin rawani ne, duk wanda aka tuɓe sai ya bar shi ga magajinsa. Gonar da mutum ya mallaka da kansa kuwa, idan ya rasu, shari'a takan raba ta tsakanin magada maza da mata. Ta haka babu gidan da ya iya tara ƙasa mai yawa ya riƙe ta ƙarni bayan ƙarni kamar yadda aka yi a Ingila.

Mulkin mallaka ya ƙara nisanta rawani da ƙasa. Tun daga wajen 1908 Turawa suka shiga haɗa garuruwa su zama gunduma, suna tura hakimai su zauna a cikinsu, har Madaki ya zama na Dawakin Tofa, Makama na Wudil, Sarkin Bai na Dambatta. An kafa baitulmali, aka yanka wa hakimi albashi maimakon kason haraji. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa dukkan ƙasar Arewa a hannun Gwamna, dokar 1962 ta Jihar Arewa ta bi sawunta, sannan dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ta ga gwamnan kowace jiha. Saboda haka, lokacin da aka yanka Bompai domin masana'antu, da kuma lokacin da aka buɗe Sharaɗa da Calawa daga baya, gwamnati ce ta karɓi gonaki ta raba wa masu kamfani. Aikin hakimi da dagaci bai wuce tara jama'a da shaida iyakar gona ba. Manomi kuma, bisa dokar 1978, diyyar amfanin gona da itatuwa da gini ake biyansa, ita ƙasar ba a ƙiyasta masa kuɗinta. Wannan ita ce dokar da ke aiki har lokacin da aka buɗe tashar kayan jiragen ruwa ta tudu a Zawaciki a 2023.

3.4 Ayyukan 'Ya'yan Sarauta

Tun da yake ƙasa ba ta zama jarin waɗannan gidaje ba, ilmin boko da aikin En'e su ne suka zama jarinsu, musamman bayan da aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, aka kuma yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976. Alhaji Ado Bayero, kafin naɗinsa a 1963, ya yi aikin banki, ya yi ɗan majalisar Jihar Arewa, ya yi Wakilin Doka, sannan ya yi jakadan Nijeriya a Senegal. Alhaji Muktar Adnan, wanda aka naɗa Sarkin Bai a 1954, ya yi ɗan majalisar wakilai a Ikko, ya kuma yi kwamishinan ilmi na Jihar Kano, ya rasu a 2021 da rawaninsa. Ciroma Aminu Sanusi ya yi jakada, ya kuma yi babban sakatare a ma'aikatar harkokin waje, ɗansa Sanusi Lamiɗo ya yi gwamnan Babban Bankin Nijeriya daga 2009 zuwa 2014, shekarar da aka naɗa shi Sarkin Kano. Daga Gyanawa kuwa Malam Aminu Kano ya fito, wanda ya zama babban mai sukar tsarin En'e.

Haka kuma ƙofar sarauta ba a rufe take ba ga wanda ba shi da gado. Alhaji Yusuf Maitama Sule, wanda mahaifinsa ke hidima a gidan Madaki, ilminsa da fasaharsa ne suka kai shi ga muƙamin minista da kuma rawanin Ɗan Masani. Wannan ya yi kama da abin da Ingila ta yi a 1958, inda ta fara ba mutum sarautar da ke ƙarewa da rayuwarsa, kafin a 1999 ta rage kujerun masu gado a majalisa zuwa 92.

3.5 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa ƙarfin mai sarauta a Ingila a ƙasarsa yake, shi ya sa ko da aka rage masa iko a majalisa, gonakinsa da gidajensa suna hannunsa. A Kano kuwa ƙarfinsa a rawani yake, rawanin kuma a hannun mai naɗawa yake, kamar yadda aka gani a tuɓe Sarki Sanusi na ɗaya a 1963 da Sarki Sanusi na biyu a 2020. Manomin Zawaciki da basaraken da ke bisansa duka ba su da ta cewa idan gwamnati ta buƙaci fili. A babi na gaba za a duba gidajen attajirai, musamman zuriyar Alhassan Ɗantata, waɗanda su ne suka shiga masana'antun da jarinsu.