Ganuwa, Damina da Sigina

Ba don mota aka shata birnin Kano ba. Sarki Gijimasu ya aza harsashin ganuwa wajen farkon ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta, ya kafa kasuwar Kurmi, sawun mutane da na jakuna kuma suka fitar da lungunan. Mota baƙuwar ƙarni na 20 ce, ƙa'idojinta suka biyo ta sannu a hankali: a 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, a 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa.

Cikin kayan baƙuwar akwai fitilun gargaɗi, wato sigina huɗu masu ƙiftawa tare, waɗanda aka tanada domin motar da ta lalace ta tsaya. Amma idan ruwan Agusta ya kece, Jakara ta tumbatsa, direbobi da dama kan kunna su suna tafe. Na baya ba ya iya tantance mai tafiya da wanda ya tsaya, mai shirin karya kwana a Ƙofar Mata kuma ya rasa siginar da zai nuna. Fitilun gaba da rage gudu sun wadatar. Idan hanya ta ɓace wa ido, a sauka gefe, a tsaya, sannan a kunna su.