Yadda alƙalami da fenti suka shiga jinyar tsofaffin sojoji

A wannan makon za mu waiwayi tarihin wani ciwo da ba ya zubar da jini, wato firgicin da soja ke dawowa da shi daga fagen daga.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a ɗauki wannan ciwo da muhimmanci ba. Sojan da ya kasa barci, jikinsa na rawa, sau da yawa matsoraci ake ce masa. Birtaniya ta harbe sojojinta 306 bisa laifuffuka irin su gudu da ragwanci, ba a yafe musu ba sai a 2006.

Amma a asibitin Craiglockhart da ke Edinbara, wani likita, Arthur Brock, ya ga cewa zaman shiru ƙara wa majinyaci damuwa yake yi, sai ya riƙa ba su aikin yi. A 1917 ya ɗora wa matashin hafsa Wilfred Owen aikin shirya mujallar asibitin, The Hydra. A can ne waƙoƙin Owen suka nuna. Sai dai hafsoshi kaɗai ake kwantarwa a wannan asibiti.

Wanda ya raɗa wa jinya da zane suna, a 1942, shi ne Adrian Hill, mai zanen da ya ga yaƙin farko da idonsa. Yana jinyar tarin fuka a Midhurst ya lura zane na rage masa ƙunci, sai ya fara koya wa sauran majinyata.

Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ba su sa wannan firgici a kundin cututtukansu da sunan da ake kiransa yau ba sai a 1980, bayan yaƙin Vietnam. Daga baya, a cibiyar jinyar sojoji da aka buɗe a Bethesda a 2010, aka riƙa ba wa waɗanda suka dawo daga Iraƙi da Afganistan farar fuskar takarda su yi mata fenti. Wanda ya kasa buɗe baki gaban likita sai ya zana, daga nan magana ta samu ƙofa.

Matsalar ita ce duk wannan a manyan asibitoci yake, alhali kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsofaffin sojojin Amurka a karkara suke zaune. Shi ya sa a jihar Florida aka fara haɗa su da masu jinya ta bidiyo, mutum na ɗakinsa da takardarsa.

Mu ma abin ya shafe mu. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a Burma, cikinsu har da kakanninmu, kuma ƙauyuka suka koma. Mun taso muna jin labarin tsohon da ke zabura cikin dare, ana cewa iska ce. Yau ga waɗanda suka dawo daga dajin Sambisa.

Zane ba ya maye gurbin likita, kuma tono irin wannan ciwo ba tare da ƙwararre ba yana iya fama shi. Amma mu da muke riƙe da alƙalami, tsohon soja nawa muka taɓa zama muka saurara a garuruwanmu?

Allah ya ba su lafiya, amin.