Bindigar da Aka Haifa a Falo

Ɗan'uwa, in kana zaune a Amurka, wata rana sai wani abokin aikinka ya ja ka filin harbi ranar Asabar. Zai buɗe akwatin katako, ya fito da tsohuwar bindigar hannu mai dogon hanci, yana lallaɓa ta kamar jaririya, ya ce maka, "Ai .22 ce, ta wasa ce." To, kafin ka karɓi wannan magana, zo ka ji tarihinta.

A 1845 wani maƙerin bindiga na birnin Paris, Louis-Nicolas Flobert, ya ɗauki ɗan ƙoƙon tagullar da ke tayar da wuta a bindigogin lokacin, ya cusa ƙanƙanin dalma a bakinsa. Ko albarushi bai zuba ba. Sinadarin da ke kama wuta yana kwance ne a cikin leɓen gindin harsashin, da an daki gefen sai ya tashi. Ƙarfinsa bai taka kara ya karya ba, shi ya sa attajiran Turai suka riƙa harbin allo da shi a cikin gidajensu don nishaɗi. Har sunanta ya zama bindigar falo.

Amurkawa ne suka ƙara mata gishiri. A 1857 kamfanin Smith & Wesson ya zuba ɗan albarushi a ciki, a 1887 kuma kamfanin Stevens ya fito da .22 Long Rifle, wanda faɗinsa milimita 5.6 ne kacal. Shi ake harbawa har yau a gasar mita 25 ta Olamfik, don yana da araha, kuma ba ya fizgar hannu.

Daga nan aka shiga zamanin da masu tara tsofaffin bindigogi ke bege. John Browning ya zana wadda aka sani da Colt Woodsman, ta fito a 1915, ba a daina ƙera ta ba sai 1977. Ruger ya shigo kasuwa a 1949 da tasa a kan dala 37.50, talaka ma ya samu shiga. Amma wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Mikhail Margolin na Tarayyar Sobiyet. Makaho ne fa! Da laluben yatsu ya tsara bindigar saiti da 'yan wasan ƙasarsa suka yi shekaru suna gasa da ita, shi kuwa bai taɓa ganin allon da ake harbi ba. In an miƙo maka irin waɗannan, kada ka danna kunama babu harsashi a ciki. Allurar na iya dukan bakin ramin harsashi ta lotsa shi, kuma abin da masu saye ke fara dubawa ke nan.

Yanzu ka haye teku zuwa Birtaniya, inda su ma suka daɗe da ƙungiyoyin harbin saiti. Ranar 13 ga Maris 1996 wani mutum ya shiga makarantar firamare a garin Dunblane na Scotland da bindigogin hannu masu lasisi, ya kashe yara 16 da malamarsu. Ba .22 ya riƙe ba. Gwamnatin John Major ta haramta manyan bindigogin hannu a farkon 1997, ta bar .22 a kulle a ƙungiyoyi. Tony Blair na hawa, kafin shekarar ta ƙare, ita ma aka haɗa da ita. Aka miƙa wa 'yan sanda bindigogi sama da 160,000, 'yan wasan ƙasar kuma suka koma fita waje yin atisaye. Masu sha'awar sun ce an hukunta su kan laifin wani. Iyayen Dunblane suka ce ƙaramin harsashi ma kisa yake yi, kuma a nan ba su yi ƙarya ba.

Ka ga ke nan abu ɗaya, hukunci biyu. Bindigar da ake gadon ta a Texas, in an kama baligi da ita a Manchester, mafi ƙarancin ɗauri shekara 5 ne. Ko a Amurkar ma, dokar tarayya ta bar mai katin zama na dindindin ya saya, amma mai bizar karatu ko ziyara an hana shi, sai da wasu keɓantattun sharuɗɗa kamar lasisin farauta. Tsufanta kuma ba ya fitar da ita daga sahun makamai, ko ta haura shekara 50.

Saboda haka in abokin nan ya miƙo maka, karɓi ka yaba aikin maƙera, don wallahi sun yi aiki. Amma ka duba takardunka kafin ka duba aljihunka. In kuma akwai yara a gida, a fara sayen akwatin ƙarfe mai makulli tukuna.