Sayar da Littattafan Hausa ta Intanet

Wannan sana'a ita ce mayar da rubutun da aka fara watsawa kyauta a intanet ya zama haja, wadda sai an biya kafin a karanta. A ƙasar Hausa an fi ganin ta a fagen ƙagaggun labarai, magadan Adabin Kasuwar Kano wanda ya bunƙasa tun shekarun 1980. Da tsadar takarda ta durƙusar da ɗab'i, marubuta da dama, akasarinsu mata, sun koma Facebook da Wattpad da WhatsApp.

Marubuciya takan saki shafukan farko kyauta, har labari ya kai inda mai karatu ba zai iya haƙura ba, sannan ta sanar da farashi. Wanda ya tura kuɗi ta banki ko katin waya, ya nuna shaidar biya, sai a sanya shi cikin rufaffen zauren WhatsApp inda ake ci gaba da labarin. Wasu kuma sukan haɗa tsohon labari wuri guda su ɗora a manhajar sayar da littattafai, kamar OkadaBooks, wadda aka kafa a 2013, ta kuma rufe a 2023.

Babban cikas shi ne satar fasaha, domin mutum ɗaya kan saya ya rarraba wa jama'a. Sakin labari kyauta tun farko ba ya soke haƙƙin marubuci. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba shi damar neman mai shafi ya sauke aikinsa da aka sata. Haƙƙin yana nan tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan rasuwarsa.