Sharp Objects: littafin Gillian Flynn kan raunin ƙuruciya da taɓin hankali

Sharp Objects, wato "abubuwa masu kaifi", shi ne ƙagaggen labari na farko da marubuciyar Amurka Gillian Flynn ta wallafa. Ya fito a watan Satumba na 2006 daga maɗaba'ar Shaye Areheart, wani reshe na kamfanin Crown da ke birnin New York. Masu karatu da Faransanci sun san shi da sunan Sur ma peau, kamar yadda maɗaba'ar Calmann-Lévy ta fito da shi a 2007. Littafin yana cikin rukunin labaran da ake ginawa a kan laifi da bincike, amma inda hankalin mai karatu ya fi karkata ga abin da ke cikin zukatan mutanen labarin fiye da farautar mai laifi. Jigonsa shi ne yadda azabar da yaro ya sha a cikin gidansu take bin sa har girma, da yadda take ratsawa daga uwa zuwa ɗiya. Wannan bayani ya ƙunshi yadda labarin ya ƙare.

Marubuciyar

An haifi Gillian Flynn ranar 24 ga Fabrairu 1971 a birnin Kansas na jihar Misuri. Iyayenta duka malaman makarantar gaba da sakandare ne, mahaifinta kuma darasin fina-finai yake koyarwa. Ta yi karatun Ingilishi da aikin jarida a Jami'ar Kansas, sannan ta yi digiri na biyu kan aikin jarida a Jami'ar Northwestern. Ta shafe kusan shekara goma tana aiki a mujallar Entertainment Weekly, inda ta zama mai sharhi kan shirye-shiryen talabijin. A wannan lokacin ne ta rubuta Sharp Objects, a sa'o'in da ta tashi daga aiki.

Bayansa ta fitar da Dark Places a 2009, sai Gone Girl a 2012, wanda aka fassara da sunan Les Apparences. Wannan na ukun ne ya kai sunanta ko'ina a duniya, musamman bayan da David Fincher ya mayar da shi fim a 2014. Nasarar tasa ta sa jama'a da dama suka waiwayi littafinta na farko.

Yadda labarin yake

Camille Preaker ce ke ba da labarin da bakinta. Ƴar jarida ce a wata ƙaramar jarida a Shikago, kuma ba ta daɗe da fitowa daga asibitin masu taɓin hankali ba. Shugabanta a wurin aiki, Frank Curry, ya tura ta garinsu na haihuwa, Wind Gap, wani ƙaramin gari da marubuciyar ta ƙirƙira ta ajiye a kudancin Misuri. An tsinci gawar wata yarinya mai suna Ann Nash a cikin rafi watanni da suka wuce, ga shi kuma wata, Natalie Keene, ta ɓace. Ba a jima ba aka ga gawar Natalie a wani lungu a tsakiyar gari. An shaƙe su duka biyun, an kuma cire musu haƙora.

Shekara takwas rabon Camille da garin. Dole ta sauka a gidan mahaifiyarta, Adora Crellin, wadda ta gaji babbar gonar kiwon aladu da mayankar da yawancin mutanen garin ke ci daga gare su. A gidan akwai mijin Adora, Alan, mutum marar magana, da ƙanwar Camille da suke uwa ɗaya, Amma, ƴar shekara 13. A gaban uwarta Amma yarinya ce mai ladabi da ke wasa da ɗan ƙaramin gidan ƴar tsana wanda aka ƙera daidai da siffar gidansu. Da ta fita waje kuwa, ita ce shugabar ƴan matan da ke addabar sauran yara, tana shan ƙwaya, tana yawon dare.

Akwai kuma wadda ba ta raye amma ta cika gidan: Marian, ƙanwar Camille, wadda ta rasu tana ƙarama bayan doguwar jinya da likitoci suka kasa gane kanta. Camille tana da shekara 13 a lokacin. Tun daga nan ta fara yanka kalmomi a jikinta da duk wani abu mai kaifi da hannunta ya kai gare shi. Kafin ta girma, kalmomin sun rufe kusan ko'ina, ban da fuska da wani ɗan fili a tsakiyar bayanta inda hannu ba ya kaiwa. Shi ya sa kullum take cikin doguwar riga mai dogon hannu, ko da ana tsananin zafi, kuma giya ce abin da take kwantar da hankalinta da ita.

Ƴan sandan garin suna zaton baƙo ne ya yi kisan, ko kuma wani namiji daga dangin yaran. Zargi ya fi faɗawa kan John Keene, wan Natalie, don kawai ya yi kuka a bainar jama'a fiye da yadda garin ya saba gani ga namiji. Wani ɗan sanda mai bincike da aka aiko daga birnin Kansas, Richard Willis, ya kusanci Camille, kowannensu yana neman tatsar bayani daga ɗan uwansa.

Ƙarshen labarin

Camille ta lura cewa uwarta ba ta nuna ƙauna sai ga marar lafiya. Duk sa'ad da Amma ta kwanta, Adora takan zo da magunguna iri-iri, kuma ciwon sai ya ƙaru. Da Camille ta bi diddigin takardun asibiti na Marian, sai ta tarar wata ma'aikaciyar jinya ta taɓa rubuta shakkunta game da uwar, amma babu wanda ya saurare ta. Camille ta bari uwar ta ɗura mata magungunan, kuma gwajin jininta ya zama shaida. Da aka binciki gidan, aka samu tarin ƙwayoyi da littafin sirrin Adora da kuma filayar da aka cire haƙoran da ita. Aka kama Adora.

Camille ta ɗauki Amma suka koma Shikago. A can ne aka kashe wata sabuwar ƙawar Amma, aka kuma cire mata haƙora. Camille ta buɗe gidan ƴar tsanar, ta tarar da daɓen ɗakin uwar, wanda a ainihin gidan da hauren giwa aka yi shi, an shimfiɗa shi da haƙoran mutane. Amma ce ta kashe Ann da Natalie, da taimakon ƙawayenta, saboda Adora ta soma jan yaran biyu a jiki, ita kuwa ba za ta iya raba kulawar uwarta da kowa ba. Adora ce ta kashe Marian. Ɗiyarta kuma ta kashe sauran. Littafin ya rufe Camille tana gidan Curry da matarsa Eileen, an ɓoye wuƙaƙen gidan, ana kula da ita kamar ƙaramar yarinya. Tana tambayar kanta ko daɗin da ta ji wajen jinyar Amma alheri ne, ko kuwa cutar uwarta ce ta gada.

Cutar da ke bayan halin Adora

Halin Adora ba ƙirƙirar marubuciya ba ne. A 1951 likitan Birtaniya Richard Asher ya bayyana wasu mutane da ke ƙirƙirar wa kansu rashin lafiya don a kula da su a asibiti. Ya laƙaba wa matsalar sunan Munchausen, wani basarake Bajamushe na ƙarni na 18 da ya yi suna wajen shara ƙarya. A 1977 wani likitan yara, shi ma ɗan Birtaniya, Roy Meadow, ya bayyana wani nau'inta inda mai reno ke ɗora ciwon a kan wanda yake reno. Mafi yawan lokuta uwa ce da ƙaramin ɗanta. Tana iya ƙirƙiro alamomin cuta, ko gurɓata gwajin asibiti, ko ba yaron abin da zai cutar da shi. Abin da take nema shi ne tausayi da yabon da ake yi wa uwa mai haƙuri da jinya. Kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, bugu na biyar na 2013, ya sanya ta a matsayin ƙirƙirar cuta a ɗora wa wani.

Gano ta yana da wuya, domin mai yin ta ita ce wadda kowa ke gani ba ta barin gefen gadon yaron. Zargin da ba a tabbatar ba kuma yana iya rusa gida. Shi kansa Meadow ya shiga tsaka mai wuya daga baya, saboda lissafin kuskure da ya gabatar a shari'ar Sally Clark, wata lauya da aka ɗaure a Ingila a 1999 bisa zargin kashe jariranta biyu, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta sake ta a 2003.

Raunin da ake gada

Littafin bai tsaya ga nuna Adora a matsayin muguwa ba. Ta bakin tsofaffin ƙawayenta, Camille ta ji labarin kakarta Joya, mace mai sanyin zuciya da ta reni Adora ba tare da tausayi ba. Ta haka ake ganin zuriya uku a jere, kowace ta karɓi ciwo daga wadda ta gabace ta. Ƴaƴan Adora uku sun bi hanya uku. Marian ta miƙa wuya ta sha maganin, ta mutu. Camille ta ƙi sha, uwar ta janye mata ƙauna, sai ta juya wuƙar ga jikinta. Amma ta karɓi maganin a matsayin farashin soyayya, sannan ta fita ta sauke fushinta a kan ƴaƴan wasu.

Binciken likitoci ya nuna cewa irin wannan alaƙa tsakanin ƙuruciya da lafiyar babba gaskiya ce. Tsakanin 1995 da 1997, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka da kamfanin kiwon lafiya na Kaiser Permanente sun tattara bayanan sama da mutum 17,000 a jihar Kalifoniya, ƙarƙashin jagorancin Vincent Felitti da Robert Anda. Sakamakon farko da suka wallafa a 1998 ya nuna cewa waɗanda suka fuskanci nau'i huɗu ko fiye na wahalar ƙuruciya, kamar duka, cin zarafi, ko zama da mashayi a gida, haɗarin da suke ciki na shaye-shaye, ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai ya ninka na sauran sau 4 zuwa 12. Wannan ba ya nufin duk yaron da ya sha wuya zai lalace; nazarin yana magana ne kan yawan haɗari. A cikin littafin ma, Camille da Amma gida ɗaya suka fito, amma ƙarshensu ya bambanta.

Yankan jiki da Camille ke yi shi ma abu ne da likitoci suka sani. Masu yin sa galibi ba mutuwa suke nema ba. Suna neman mayar da ciwon zuciya da ba su iya faɗa ya koma ciwon da ake gani. Abin da Flynn ta ƙara shi ne kalmomin. Camille mai aikin rubutu ce, kuma takardarta ta farko fatarta ce. Idan wani abu ya tayar mata da hankali, takan ji wata kalma tana zafi a wurin da ta yanka ta. Daga nan sunan fassarar Faransancin ya samo asali, domin ma'anarsa ita ce "a kan fatata".

Salo da manufa

An rubuta littafin da gajerun jimloli irin na rahoton jarida, ba tare da ado ba. Da yake komai ta idon Camille ake gani, ita kuma tana cikin maye ko tana gudun tuna baya, mai karatu yana samun gaskiyar ne kaɗan-kaɗan, kamar yadda ita ma take samun ta. Flynn ta sha bayyana cewa ta ga adabi ya cika da labaran muguntar maza, alhali ba a cika rubuta irin ta mata ba, wadda ake yi a ɓoye cikin gida da sunan reno da kulawa. Shi ya sa mazan littafin suke gefe: ba su ne masu laifin ba, ba su ne kuma suka gano shi da wuri ba, domin tunaninsu bai ba su cewa mace ko yarinya za ta iya ba.

Garin Wind Gap ma yana da nasa kason. Mutane sun ga Marian tana ƙarewa, wasu sun yi zato, amma Adora ce mai dukiyar garin, kuma tsegumi ya fi musu sauƙi a kan fitowa fili. Wasu masu sharhi sun soki Flynn da cewa tana ɓata sunan mata; ita kuwa ta kare kanta da cewa hana mace zama muguwa a labari rage mata mutuntaka ne.

Karɓuwa da shirin talabijin

A 2007 littafin ya ci kyaututtuka biyu na ƙungiyar marubuta labaran laifi ta Birtaniya: ta sabon marubuci, da kuma wadda ke ɗauke da sunan Ian Fleming. A Amurka ya shiga jerin waɗanda aka zaɓa don kyautar Edgar ta littafin farko. Stephen King yana cikin manyan marubutan da suka yabe shi tun fitowarsa.

Tashar HBO ta mayar da shi shiri mai kashi takwas, wanda aka fara nunawa ranar 8 ga Yuli 2018. Marti Noxon ce ta tsara shi, Jean-Marc Vallée ɗan yankin Kebek na Kanada ya ba da umarni. Amy Adams ta fito a matsayin Camille, Patricia Clarkson a matsayin Adora, Eliza Scanlen kuma a matsayin Amma. Clarkson ta samu kyautar Golden Globe a 2019 saboda wannan rawa. Shirin ya yi wasu sauye-sauye: ya mayar da wurin aikin Camille birnin St. Louis, kuma ya tsaya daidai lokacin da ta gano haƙoran, bai nuna abin da ya biyo baya ba.

Littafin da shirin duka sun ƙunshi bayanin yankan jiki, shaye-shaye, lalata da kisan yara ba tare da sakaya ba, don haka na manya ne.