Daga rediyo mai waya zuwa memori: inda sauti yake lalacewa

Duk wanda ya haɗa kayan sauti a falonsa a Jahun ko Dutse, ya je sayen wayar da za ta haɗa talabijin ko na'urar faifai da amfilifaya, da wuya ya fito mai shago bai gaya masa cewa mai tsadar ta fi fitar da murya tangaran ba. Maganar tana shiga kunne ne domin tana da asali. Rediyo kansa ta waya ya shigo ƙasar Hausa: a 1944 Turawan mulkin mallaka suka buɗe tashar rarraba shirye-shirye a Kano, ana jan waya zuwa akwatunan lasifika a gidajen masu biyan kuɗi da wuraren taruwar jama'a. Jahun kuwa cikin Kano take har 27 ga Agusta 1991 da aka ƙirƙiri Jigawa, kuma daga Kanon kayan sauti suke zuwa, tare da abin da ake faɗa a kansu. Abin da nake gani shi ne, girman da muke ba waya gadon wancan zamani ne, kuma aikinta ya canja tun tuni ba mu farga ba.

A zamanin faifan garmaho da kaset, sauti da siffarsa yake tafiya. Wutar da ke bin waya tana hawa tana sauka daidai da yadda kalangu ko murya ke kaɗa iska, saboda haka duk abin da ya taɓa wutar ya taɓa waƙar. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kuma kafin shekarun 1980 rikoda ta zama kayan ɗaki har a ƙauyuka. A kasuwar Ƙofar Wambai ake kwafa, daga nan kaset ya bi motocin kasuwa, wani ma ya sake kwafar kwafin. Kowane zagaye da harajinsa: shuuu ɗin nan na bayan waƙa ya ƙaru, kaifin kuntigin Ɗan Maraya Jos ya dushe, kotson Ɗanƙwairo ya koma kamar ana bugawa a ƙarƙashin bargo. Mai gyaran rediyo da ke goge kan rikoda da auduga da sifirit, ko yake kankare tsatsar bakin waya da reza, gaskiya yake yi, kunne kuma yana shaida nan take. Haka doguwar wayar amsa-kuwwar masallaci, idan ta bi kusa da wayar wuta, sai ka ji gurnani a ƙarƙashin kiran salla.

A 1982 Sony da Philips suka fito da faifan CD, lissafi ya sauya. Na'ura tana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa ɗaya, ta rubuta kowane awo da lamba. Wayar dijital, ko ta jan ƙarfe mai ƙarfin om 75, ko ta haske wadda Toshiba ya ƙera a 1983, mai jan ɗigon nan a bakinta, lambobin kawai take kai wa na'urar da za ta mayar da su sauti. Kamar lambar katin waya ce: ko da ruwan zinariya aka rubuta ta, ko da gawayi a bayan kwali, muddin ta karantu kuɗin da zai shiga ɗaya ne. Idan ba ta karantu ba, ba a samun rabin kuɗi. Shi ya sa lalatacciyar wayar dijital ba ta rage zaƙin waƙa. Sai dai ta riƙa tsinkewa, ta yi ƙas-ƙas, ko ta yi tsit.

Masu ja da wannan suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa ban da lambobin akwai lokacin isowarsu, kuma waya mara kyau tana iya sa su iso da ɗan gaggawa ko jinkiri. Haka ne, injiniyoyi ma suna iya aunawa. Amma ana maganar kaso ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, kuma na'urorin yanzu suna daidaita lambobin da nasu agogon kafin su fitar da sauti. Suna kuma cewa wayar haske tana kashe gurnani. Wannan ma haka ne, domin ba ta haɗa jikin na'urori biyu da ƙarfe, sai dai mai araha ma tana yin wannan aiki daidai da mai tsada. Hujjar ƙarshe ita ce "ai kunnena ya ji." Wanda ya zuba kuɗi yana saurare da zuciya ɗaya, sau da yawa ma ya ɗan ƙara murya bai sani ba. A sa wani ya riƙa sauya wayoyin a ɓoye, a bar murya a inda take, sannan a tambayi kunnen.

Asarar dai ba ta ƙare ba, wuri ta sauya. CD yana zuba kilobit 1,411 a daƙiƙa, waƙar MP3 da ake turawa a memori a shagon caji kuwa sau da yawa 128 ce ko ƙasa da haka, an zubar da mafi yawan bayanan tun kafin a zo maganar waya. Wata ma daga bidiyon WhatsApp aka yanko ta, an matse ta sau biyu. Ga lasifika mai tsagaggen baki, ga ɗakin siminti da rufin kwano mai mayar da murya, ga ƙarar janareta a tsakar gida. Da yawa daga waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, daga tsofaffin kaset aka juye su zuwa kwamfuta, kuma wayar dijital, mai tsada da mai araha, tana isar da shuuu ɗin Ƙofar Wambai zuwa falo cif-cif, ba ta rage ko ɗigo ba.